Jinyar Jeka-ka-dawo: Kora ce ko Kulawa?

Sanin kowa ne cewa a wajenmu ciwo bai cika ciwo ba sai an ji cewa "an ba shi gado". Idan aka kai mutum asibiti aka dawo da shi a ranar, 'yan dubiya cewa za su yi ashe jikin da sauƙi. Idan kuwa jikin bai nuna sauƙi ba, to, zargi ya koma kan asibitin ke nan, a ce sakaci aka yi, ko kuma don mara lafiyar bai san kowa ba ne. Ni ma da wannan tunani na tashi, kuma ban fara shakkarsa ba sai a ƙarshen 2023, lokacin da abin ya faɗo kan mahaifiyata.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a wani gari da ke arewacin Ingila. Da ta haihu sai Umma ta tafi zaman jego, kuma shi ne karonta na farko na hawa jirgin sama. Daga Legas zuwa Landan tafiyar sama da awa 6 ce, ban da zaman jira a filin jirgi da na jirgin ƙasa bayan an sauka. Umma kuwa saboda kunya da gudun kada ta dami na kusa da ita, ko sau ɗaya ba ta tashi daga kujera ba, ruwa ma ƙin sha ta yi don kada ya sa ta neman banɗaki. Kwana huɗu da isarta sharaɓarta ta hagu ta kumbura ta yi zafi, taka ƙafar ma sai da ƙyar. Ita dai cewa ta yi sanyin garin ne. Yaya na gani ta san ba sanyi ba ne.

Da hantsi mijin Yaya ya kai ta asibiti, kafin dare sun dawo gida da magani da takarda a hannu. Abin da aka gano shi ne jini ya daskare a cikin babbar jijiyar ƙafar. Hatsarin wannan ciwo kuwa shi ne gudan jinin kan iya ɓallewa ya tafi ya toshe hanyoyin jini na huhu, mutum ya yanke jiki ya faɗi.

Da labari ya iso gida, Kawu bai tsaya jin bayani ba, ya buga wa Yaya waya a gabanmu. "Ke yanzu kina aikin asibiti, a gaban idonki a koro uwarki gida da irin wannan ciwo? Ko don sun ga baƙuwa ce?" Yaya ta ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ba korarta aka yi ba, haka ake yi wa kowa, ko da Bature ne." Ya ce, "To, a yi wa Baturen." Ya kashe wayarsa. Ba zan ɓoye ba, a wannan dare bayan Kawu nake. Sai daga baya, da na yi ta jan Yaya da tambayoyi, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa, na fahimci cewa abin da aka yi wa Umma tsari ne mai suna da tarihi, kuma kusan dukkan nauyinsa a wuyan nas-nas yake.

A asibitocin Ingila suna kiran wannan sashe SDEC a taƙaice, wato kulawar gaggawa da ake kammalawa a yini guda. Ni dai na raɗa masa jinyar jeka-ka-dawo, kamar yadda muke kiran makarantar da ba ta kwana, kuma duk wanda ya sami sunan da ya fi wannan dacewa ina maraba da shi. Manufar ita ce, mara lafiyar da a da sai an kwantar da shi, yanzu a duba shi, a yi masa gwaje-gwaje, a fara magani, ya koma ya kwana a ɗakinsa, idan da buƙata ya dawo gobe ko jibi. A lura, ba masu mura da ciwon kai ake nufi ba. Waɗanda ake kaiwa wurin masu ciwo ne na gaske: daskarewar jini a ƙafa, kumburin fata mai buƙatar allura ta jijiya, ƙarancin jini mai buƙatar ƙari, ruwa a ciki ko a gefen huhu da za a zuƙe, ciwon ƙirji da ake son tabbatar da cewa ba na zuciya ba ne, da makamantansu. A 2007 hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS, ta fitar da wani kundi da ya jera irin waɗannan larurori har 49. A cikin babban shirinta na watan Janairun 2019 kuma ta ce kowane asibiti mai babban sashen gaggawa ya buɗe irin wannan wuri awa 12 a kullum, kwana 7 a mako, da burin cewa masu komawa gida a ranar da suka zo su ƙaru daga kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku.

Ciwon Umma ma shi ne kyakkyawan misalin yadda abin ya samo asali. A da, mai irin ciwonta sai ya yi kwana 5 ko fiye a gado, an ɗaura masa ruwan maganin tsinka jini mai suna hefarin, ana ta ɗibar jininsa don daidaita yawan maganin. Gadon nan ba don hutu ake ba shi ba, don robar ƙarin ruwan ne. Da aka samo wani nau'in hefarin da ake yin allurarsa a ƙarƙashin fata, sai wasu manyan bincike guda biyu da aka buga a 1996 suka nuna cewa jinya a gida ba ta gaza ta asibiti ba ga waɗanda aka tantance. Daga baya ma ƙwayoyin sha suka fito, irin su afiksaban, wanda shi aka ba Umma. Tun da robar ta tafi, me ya rage wa gadon? Wannan tambaya ce ta fara karya mini gwiwa a kan goyon bayan Kawu.

To amma a nawa ganin, gado yana da wani aiki da magani ba zai iya yi ba, wato sa ido. Wanda ke kwance, idan numfashinsa ya canja da ƙarfe biyun dare, akwai mai zagayowa ta gani. Idan aka cire gado dole wani abu ya maye gurbin wannan ido, kuma abin nan ba na'ura ba ne, basirar nas ɗin da ta yarda a tafi gida ce. Ga yadda aka yi da Umma, kamar yadda ita da surukinta suka ba da labari.

Tun daga ƙofar sashen gaggawa wata nas ta duba ta, ta tura su wani ɗaki mai manyan kujeru maimakon gadaje. A can wata ta karɓe ta, ta auna numfashi, da yawan iskar oksijin a jini, da hawan jini, da bugun zuciya, da zafin jiki, ta kuma lura da ko hankalinta na tare da ita. Waɗannan abubuwa 6 kowanne da makinsa, a bisa wani ma'auni da babbar ƙungiyar likitoci ta Landan ta fitar a 2012 ta kuma sabunta a 2017, kuma idan jimillar makin ta yi sama, zancen komawa gida bai ma taso ba. Sannan ta ɗauko tef irin na tela ta auna kaurin ƙafafun biyu a wuri ɗaya, domin idan bambancin ya wuce santimita 3 yana cikin alamomin da ake ƙirgawa. Ita ta ɗebi jini, ita ta nemo gurbi a ɗakin hoto, ita ta bi sakamakon. Likita ya shigo, amma Umma ta ce ko kofin shayin da aka ba ta ba ta shanye ba ya fita. Hasali ma nas ɗin ce ta rubuta maganin, domin tun 2006 doka a ƙasar ta ba nas ɗin da ta yi ƙarin horo na musamman damar rubuta magani da kanta a fannin da ta ƙware.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba awon ba ne, tambayoyin ne. Umma ba ta jin Turanci, surukinta ke fassara. Duk abin da aka tambaya sai ta sunkuyar da kai ta ce babu. Mu da muka san al'ada mun san dalili: wace uwa ce za ta yi zancen bayan gida ko zubar jini a gaban mijin 'yarta, 'yar fari ma da ko sunanta ba ta faɗa? Nas ɗin ba ta san wannan ba, amma ta lura cewa amsoshin sun yi gajarta da yawa. Sai ta roƙi surukin ya jira a waje, ta kira mai tafinta ta waya, aka yi sa'a mace ce. A nan ne ya fito cewa Umma ta shekara tana shan ƙwayar ciwon gwiwa da take saye a kemis, ta ma taho da ita cikin jakarta. Ibufurofin ne, kuma haɗa shi da maganin tsinka jini na iya jawo zubar jini a ciki. Da an sallame ta ba a gano wannan ba, da maganin da aka ba ta don ya cece ta shi zai iya zama ajalinta, a gida, inda ba mai auna ta.

Bayan haka nas ɗin ta zauna ta yi mata bayanin yadda za ta sha: biyu da safe biyu da dare na mako guda, daga nan ɗaya-ɗaya har aƙalla wata 3. Ta lissafa mata abubuwan da in ta gani ba a jiran gari ya waye, wato sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, tari da jini, baƙin bayan gida, ko haɓon da ya ƙi tsayawa. Ba ta bar ta ta tashi ba sai da Umma ta maimaita su da bakinta. Ta tambayi su wa ke gidan, ko akwai mota, ko akwai waya, ta rubuta lambar sashen a kan takarda. Washegari da safe kuma ta kira.

Wannan duka ya ɗauki lokacin da ya ninka na ganin likita sau da yawa, kuma shi ne abin da Kawu bai gani ba daga nan gida. Shi ya ji an ce ta dawo, bai ji abin da aka yi kafin a bar ta ta dawo ba.

Akwai kuma wani abin da ba mu cika tunawa ba, wato shi kansa gadon asibiti yana da nasa sharrin. Tun a 1947 wani likitan Ingila mai suna Richard Asher ya yi rubutu yana jan kunnen 'yan'uwansa likitoci kan illolin kwantar da mutane barkatai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya nuna tsofaffi masu ƙoshin lafiya da aka sa su kwanta kwana 10 sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafunsu. Ga ƙwayoyin cutar da ake kwasa a ɗakin majinyata, ga ruɗewar da kan sami tsofaffi idan suka kwana a baƙon wuri. Ka ɗauki Umma, mace mai shekara 60 da ɗoriya, ba ta jin yaren kowa, ba ta iya cin abincinsu, ka ajiye ta kwana 5 cikin baƙi. Abin mamaki ma shi ne, rashin motsi ne ya jawo mata ciwon tun farko, mu kuma muna nan muna fushi don an ƙi ƙara mata wani rashin motsin.

Duk da haka ba na so a ɗauka cewa na zama ɗan kanzagin Turawa. Ba tausayi kaɗai ya haifi wannan tsari ba, har da ƙarancin gado da kuɗi. Tun 2004 aka ɗora wa sassan gaggawa na Ingila ƙa'idar cewa a gama da mara lafiya cikin awa 4, kuma shekara da shekaru ke nan ba su cim ma adadin da ake so ba. A watan Janairun 2025 babbar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasar ta fitar da rahoto mai ɗauke da shaidar mambobinta sama da 5,000 kan yadda ake jinyar mutane a baranda da lungunan asibiti. Inda ake cikin irin wannan matsi kuwa, ba wuya a mai da ɗakin jeka-ka-dawo wurin jibge mutane don kawai agogo ya daina ƙirga. Yaya ta ce a lokacin sanyi akan wayi gari a tarar an kwashe kujerun an jera gadaje a cikin dare, sai sashen ya kasa yin aikin da aka buɗe shi dominsa. Idan nas ɗaya ta sami mutum 15 a gabanta, ina za ta ga lokacin lura da cewa wata tsohuwa na jin kunyar surukinta? A wannan hali, maganar Kawu ta zama gaskiya: kora ce.

Sannan jinyar da aka ɗauke daga asibiti ba ɓacewa take yi ba, kan wani take sauka. A gidanmu kan Yaya ta sauka, mai ɗanyen jego, ita da aka zo yi wa hidima ta koma mai hidima, tana shayarwa tana kuma leƙa numfashin Umma cikin dare. Ita ta san abin da take dubawa. Wanda ba shi da nas a gida fa, ko tsohon da ke zaune shi kaɗai a bene hawa na uku? Shi ya sa tambayar "su wa ke gida?" ba gaisuwa ba ce, tana daga cikin awo, kuma dole nas ta sami ikon cewa wannan ba zai tafi ba, ko da takardun gwajinsa sun yi kyau, ko da manya na matsa mata lamba a kan gado.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin harshe. Da nas ɗin ta kira washegari ta tambayi jiki, Umma ta ce "da sauƙi", aka fassara mata cewa ta sami sauƙi. Alhali kowa a cikinmu ya san Bahaushe ko yana kan gargara aka ce ya jiki, "da sauƙi" zai ce. Amsar gaisuwa ce, ba rahoton ciwo ba. Yaya ce ta karɓi wayar ta ce a yi mata tambaya ɗaya-ɗaya: kin iya hawa bene? Kin yi haki? Kumburin ya haura gwiwa? Majinyacin da ke kwance, jikinsa na iya ƙaryata bakinsa a gaban nas. Wanda ke gida kuwa ba abin da ke isa asibiti sai maganarsa, don haka tafintan da ya san kalma bai san al'ada ba yana iya yin ɓarnar da ta kai ta gurɓataccen magani.

Shin za a iya yin haka a Nijeriya? Tambayar ba ta rasa dalili, domin kusan kowane gida yana da labarin wanda aka yi ta yawo da shi a mota daga wannan asibiti zuwa wancan ana cewa "ba gado", duk da cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Kuma tunanin ba baƙo ba ne a wajenmu. A yunwar 2005 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara masu tamowa mai tsanani sama da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a gida, uwa ta karɓi abincin gyaɗar nan ta dawo da yaro awo mako-mako, masu rikitaccen ciwo kaɗai ake kwantarwa. An fara irin wannan shiri a arewacin Nijeriya a 2009. Wasu asibitocin koyarwa kuma suna da ɗakin yini na masu amosanin jini, inda ake ba su ruwa da maganin raɗaɗi su koma gida.

Tsorona shi ne mu kwaikwayi sallamar mu bar sauran. Abin da ya sa aka iya barin Umma ta tafi shi ne sakamakon jini ya fito a ranar, hoton ƙafa an yi shi a ranar, maganin wata guda na hannunta kafin ta fita, akwai motar asibiti da za ta zo in an kira, akwai kuma ƙwararriyar nas mai lokacin zama da ita. A nan gida mafi yawan kuɗin magani daga aljihun mara lafiya yake fita, kuma wanda aka ba takarda aka ce ya je ya sayo, sau da yawa rabi zai saya, ko ya bari sai an yi albashi. Su kuma ƙwararrun nas-nas ɗin da za a ɗora wa wannan nauyi suna ta ficewa, har Nijeriya ta zama ta uku, bayan Indiya da Filifin, a jerin ƙasashen da Birtaniya ke samun ma'aikatan jinya daga cikinsu. Yayata ma ɗaya ce daga ciki, kuma ba na ganin laifinta. Saboda haka duk shugaban asibitin da ya zo mana da zancen rage kwantar da mutane, tambayar farko da zan yi masa ita ce nas nawa ya ware wa ɗakin, mai shekara nawa a bakin aiki, kuma wa zai ɗaga waya idan majinyaci ya kira da tsakar dare. Idan ya amsa waɗannan, ina bayansa ɗari bisa ɗari.

Umma ta gama shan maganinta ta dawo gida bayan wata 5. Kasancewarta baƙuwa, asibitin ya aiko da takardar kuɗi daga baya, mijin Yaya ya biya yana cewa gara da ba a haɗa da na kwana ba. A jirgin dawowa, in ji ta, duk bayan awa guda sai ta tashi wani Bayarabe da ke zaune kusa da ita ta zagaya, har ya gaji ya ce su yi musayar kujera. Kawu ya zo yi mata sannu da zuwa, ya dubi ƙafar, ya ce lallai ta warke, amma shi har yanzu da ya fi son a ce ko kwana ɗaya ne sun ba ta gado.